Tsibirin Da Ba Mu Kai Ba

Ran wata Asabar na kai matata teku. Daga ranar ba ta ƙara kwana a gidana ba.

Sunanta Tasallah. A Aziziyya muke zaune, hawa na biyu, saman wani shagon gyaran waya. Ni Zakiru, Bakano ne. Karatu ya kawo ni Madina, na ƙare a kantin littattafai kusa da Harami, ina kaɗe ƙura ina karanta abin da masu saye ke ɗauka don ƙawata falo. Ita 'yar Mai Wurno ce ta Sudan. Tana ƙarama uwarsu ta shigo da su, ita da yayanta Mu'azzam, wanda yanzu ke kula da wata gonar dabino a Awali, yake kuma kula da duk abin da ba a ba shi ajiya ba.

Zuciyarta ce ta gaji. Likitan mustashfa, wato asibiti, ya yi mana doguwar magana mai laushi, wadda in an tace ta ba abin da zai rage sai "ku shirya".

To, mutanenmu na nan suna da wata al'ada da ba za ka same ta a littafi ba. Da zarar an ga tsoho ko majinyaci ya kama hanya, ba ya sake ƙetare iyakar Madina. Ba Jidda, ba bikin jika a Yanbu, wasu ko umara ba sa zuwa. Tsoron shi ne kada ajali ya riski mutum a waje ya rasa Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin masallacin Manzon Allah, wadda saboda ita iyayen da yawa daga cikinmu suka baro gida da gona. Na san wata tsohuwa da ta ƙi zuwa Khaibar ganin 'yarta tana kan gwiwa, wai don tana tari. Ta ƙara shekaru bayan nan tana tarinta, 'yar kuwa ba ta yafe ba.

Ban taɓa musun falalar ba. Na karanta ta a littattafan da Mu'azzam bai san ko nauyinsu ba. Abin da na ƙi shi ne a mai da garin da aka zo don ƙauna ya zama turke.

Wata la'asar tana tsince tsakuwa daga adas, ƙananan waken nan na Larabawa, a faranti, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ka san na ƙetare Bahar Maliya ban gan shi ba?"

Na sani, amma na bar ta ta faɗa. Daga Sawakin suka taso a jirgin katako. Mata da yara aka cusa su a ciki tare da buhunan albasa, aka ja tamfol. Ta ji ƙarar ruwan, ta ji warinsa, ta yi amai a cinyar uwarta, da aka iso aka fito da su aka zuba a mota mai rufi. Iyakar tekun da ta gani ke nan.

"Ina so in gan shi da rana," ta ce. "Irin wanda Sundus ta nuna mini a waya. Na Umluj, da ake shiga ƙaramin jirgi ana sauka tsibiri-tsibiri."

"Yayanki zai ce me?"

"Yaya zai ce abin da ya saba. Kai nake tambaya."

"In abin ya zo a can fa?"

"To ya zo. Ni ma ina son Baƙi'a, Malam, kada ka ɗauka ba na so. Amma na gaji da gadin kabarin da ba a haƙa ba."

Sundus 'yarmu ce, ita kaɗai Allah ya bar mana. A nan aka haife ta: ka yi mata Hausa, ta mayar maka da Larabci. Ita ke da mota. Da na gaya mata sai ta ce, "Mustahil, Abuya," wato ba zai yiwu ba, Baba, ta yi ta maimaitawa, ta ce kawunta zai kashe ta, ta shige ɗakin uwarta. Ban san abin da aka ce mata a ciki ba. Ta fito ido jawur tana neman lambar mai jirgi.

Muka tashi bayan sallar asuba, ba mu gaya wa kowa ba. A bakin gari akwai allon da ke nuna ƙarshen iyakar Harami. Sundus ta sassauta ba tare da an ce mata ba. Tasallah ta dubi allon, leɓenta yana motsi, ta shafa addu'a.

"Taka motarki, 'yar nan," ta ce. "Ba gawa kika ɗauko ba."

Hanyar doguwa ce, baƙaƙen duwatsu hagu da dama, jefi-jefi raƙumi tsaye yana tunanin duniya. Ni na yi gyangyaɗi. Ita ko ƙiftawa ba ta so ta yi.

Rana ta ɗaga sosai kafin mu isa Umluj. Bakin ruwan warin kifi da fetur. Mai jirgin sunansa Yazid, ɗan garin ne, rana ta gasa shi har ya kusa zama ɗan'uwanmu. Jirgin fari, bai fi motar ɗaukar kaya tsawo ba, da 'yar rumfar tamfol a tsakiya da akwatin ƙanƙara. Kafin mu taka ya tsaya ya jero mana sharuɗɗa kamar mai huɗuba. Tsibiri huɗu, in iska ta bari. Babu inuwa a kansu, babu banɗaki, babu mai sayar da ko ruwan sha. Ba a shiga ruwa ba takalmi, duwatsun murjani suna yanka kamar aska. Wanda ya ji tashin zuciya ya dubi nesa, kada ya dubi ƙafarsa. Waya za ta ɗauke in an yi nisa. In ya ce a koma, an koma.

Sai ya dubi Tasallah, yadda take haki daga 'yar tafiyar da ta yi daga mota. "Khala lafiyarta ƙalau?" in ji shi, wato Inna.

"Khala ta fi ni lafiya," na ce.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ba wani babban yabo na yi mata ba, ya miƙo rigunan da ke hana nutsewa. Sundus ta ɗaura wa uwarta ɗaya, ruwan goro a kan baƙar abaya.

"Na zama kabewa," in ji Tasallah. Ta dubi rumfar tamfol ɗin ta ce ita ba za ta zauna ƙarƙashinta ba, ta wuce gaban jirgi.

Na karanta siffar teku a baituka masu yawa, yanzu kuma na san yawancin masu su a gaɓa suka tsaya. Ba wanda ya gaya mini ruwan launi-launi ne kamar an shanya zannuwa: kusa da gari kore mai duhu, can gaba shuɗi kamar rinin baba, sannan kwatsam ya yi garau har kana ganin inuwar jirgin tana tafiya a kan yashin ƙasa. Injin ya hana magana. Feshi yana dukan fuska, gishiri yana bushewa a tabarauna. Sundus tana kokawa da lemar da iska ke neman ƙwacewa.

Na farkon ba tsibiri ba ne a wurina, harshen yashi ne da ruwa ya manta bai rufe ba. Yazid ya kashe inji ya jefa ƙugiyar ƙarfe. Tasallah ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka yake," ta ce. "Duk wannan aka rufe mini."

Muka sauko da ita, ni da Sundus, da safarta da takalmin roba. Ruwan ya kai mata gwiwa, abayar ta taso ta kewaye ta kamar faifai. Ƙananan kifaye suka zo suna binciken safar. Ta yi dariya har tari ya kama ta, ta huta, ta ci gaba da dariyar daga inda ta tsaya. Sundus ta ɗaga waya tana ɗauka. Wurin bai yi nisa da gari ba, waya tana kamawa. Na gan ta, na ɗauka ajiyewa za ta yi. Na manta 'ya'yan yanzu ba sa ajiye abu, rabawa suke.

A na biyu akwai gajerun itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri, da fararen tsuntsaye da ba su ga dalilin tashi saboda mu ba. Yashin cike da ƙananan ƙaguwa, kowace tana jan gidan katantanwar da ba nata ba. Tasallah ta ɗora ɗaya a tafin hannu.

"'Yan haya ne irinmu," ta ce. "Malam, tambaye ta ko iƙamarta, takardar zamanta, ba ta ƙare ba."

A nan muka ci abinci, shinkafa da kifi da Yazid ya zo da su a tukunya, yashi yana bin kowace loma. Da azahar ta yi ya nuna mana alƙibla da haɓarsa. Zan tayar da salla sai ta ja hannun rigata.

"Nawa za mu yi?"

"Biyu. Matafiya ne mu."

Ta tsaya tana dubana. Rabonta da sallar ƙasaru tun kafin ciwon. Ta yi ta a zaune a kan akwatin ƙanƙara. Da muka sallame na ji tana cewa ita kaɗai, "matafiya," kamar mai ɗanɗana sabuwar miya.

Tsakanin na biyu da na uku abu salama suka fito, waɗannan manyan dabbobin ruwa masu tsalle a gaban jirgi. Sundus ta manta ita Balarabiya ce, ta ce, "Wayyo Ummi, duba, duba," da Hausa tsantsa.

A na uku Tasallah ba ta sauka ba, ta ce ƙafarta ta yi nauyi. Ta aike ni in tsinto mata kwanson wuri, ina kawowa tana zaɓe tana mayar mini da marasa kyau. Muna cikin haka iska ta taso daga arewa, ba sallama. Ruwan da ke kwance ya yamutsa fuska. Yazid ya nuna mana wani baƙin tudu can nesa. Shi ne na huɗu, in ji shi, mafi girma, inda manyan kunkurun ruwa ke hawa yashi, kuma daga kansa ba ka hango gari. Amma ba yau ba.

"Ya waladi, ga shi can ina ganinsa," ta ce masa da Larabcinta na Sudan.

"Khala, gani daban, isa daban. Wata rana, in bahar ya kwanta."

Ta juyo gare ni. "Riƙe lambarsa. Ka riƙa tambayarsa iska."

Komawar ta yi wuya. Jirgin ya hau ya faɗo, ya hau ya faɗo, kowace faɗuwa sai ka ji ta a haƙori. Leɓenta ya yi toka-toka. Na sa mata ƙwayar ƙarƙashin harshe, na tallafe ta, duk mun jiƙe sharkaf. A lokacin, eh, na tuna Baƙi'a. Na dubi fuskarta in ga ko ita ma ta tuna. Idonta a buɗe, tana kallon ruwan kamar mai tsoron kada wani abu ya wuce ta.

Da muka kusa gaɓa wayar Sundus ta farfaɗo ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa. Hoton da ta ɗora tun tsibirin farko ya gama zaga Awali da Aziziyya. Mu'azzam tuni yana hanya.

A asibitin garin aka sa mata iskar numfashi. Likita ta ce a bar ta ta kwana biyu, kada a motsa ta. Da magariba Mu'azzam ya shigo da ƙurar gona a rigarsa. Bai yi mini sallama ba. Ya sumbaci goshin ƙanwarsa, sannan ya ja ni baranda.

"Ustaz," ya ce. Haka yake kirana in yana so ya zage ni. "Duk karatun nan bai gaya maka abin da ka so ka ja mata ba?"

"Ya gaya mini ba wanda ya san ƙasar da za ta karɓe shi. Kai an aiko maka da taswira?"

"Uwarmu ta sayar da gonarta ta bakin kogi, ta ɗauko mu cikin albasa, don wannan ƙasar. Tana kwance a can yanzu. Ta riƙe hannuna ta ce in kawo mata Tasallah kusa da ita. Kai kuma ka kwaso ta ka kawo ta wasan ruwa."

"Ita ta ce a kawo ta."

"Majinyaci ai har gishiri yana cewa a ba shi."

"Ka ga hoton, Alhaji. Yaushe rabonka da ganin haƙoranta?"

Ya ce yanzu za a tafi da ita. Na ce likita ta hana. Ya ce abin da likita ke tsoro shi ne ma dalilin tafiyar. Ka ji hukuncin mutanenmu: ni na fitar da ita don ta rayu yini guda, an ce ganganci; shi zai ɗora ta a kan doguwar hanya da rabin zuciya don ta mutu a inda ya dace, an ce zumunci. Na tsaya a ƙofar ɗakin na ce sai dai a bi ta kaina. Sundus tana kuka tana cewa Khali, kawun nata, yana da gaskiya, ita ce ta jawo.

Tasallah ce ta raba. Ta zare abin hancin ta ce, "Malam, matsa masa. Alkawari ya ɗauka, ba zai iya sakewa ba. Ni na ga abin da na zo gani." Ta numfasa. "Saura ɗaya."

Ta kai Madina da ranta. Amma ba Aziziyya Mu'azzam ya kai ta ba. Ya ce hawa bene ba ya mata kyau, ya sauke ta a gidansa na Awali, bayan katangar gona, ya zaunar da matarsa Bara'atu a bakin gado. Gaskiya ne bene ba ya mata kyau. Gaskiya ne kuma gidan ƙofa ɗaya gare shi, mabuɗin yana aljihunsa.

Kullum ina zuwa. A zaunar da ni a majalisa, falon baƙi, a kawo gahawa, in an ga dama a ce in shiga. In na shiga Bara'atu tana nan da carbinta, ga maƙwabta, kowa kunne a miƙe. Sai mu yi zancen magani da zafin gari. Tasallah takan dube ni ta ɗaga gira, ni kuma in girgiza kai: ba tukuna. Don kuwa ina kiran Yazid. Iska ce, ya ammi, yake cewa, wannan watan haka yake.

Wata Juma'a dattawan unguwa suka zauna a kaina. Ba abu mai yawa suke so ba, in ji su: in ce na yi kuskure, in yi alkawarin ba zan ƙara ba, a mayar mini da matata gida. Na shanye gahawarsu na ce ban yi kuskure ba, kuma zan ƙara. Wani ya ce karatu ne ya yi mini yawa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, shi ba ya cikin wannan haɗarin. An ce da labarin ya isa cikin gida ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa.

Sundus ta fi wuya. Ta daina ɗaukar wayata, in mun haɗu a Awali sai ta dubi ƙasa. Ran nan ta zo Aziziyya ɗaukar wa uwarta kaya, ta ci karo da takalmin robar a bayan ƙofa, yashi bai gama zubewa ba. Ta daɗe a tsaye da jaka a hannu. Za ta fita ta ce, ba ta juyo ba, "Abuya, in bahar ya kwanta, sayyara tana nan." Motarta take nufi.

Wata Laraba da hantsi Yazid ya kira da kansa. Bahar ya zama kamar an zuba mai a faranti, in ji shi, kuma zai kwana biyu a haka. Washegari ranar ganin likitanta ce, ranar da Sundus ke ɗaukarta a mota ba mai tambayar ina za a. Na sa rigata mai kyau na tari tasi zuwa Awali.

Bara'atu ta ce tana barci, in jira. Na zauna a majalisa. Mu'azzam ya shigo daga gona da ɗanyen dabino a faranti, ya ajiye gabana da hannunsa, abin da bai yi ba tun Umluj. Ya ce jiya ta ci abinci sosai. Ya ce ta ba su labarin ƙaguwa 'yan haya har Bara'atu ta ƙware. Ya juya ƙwallon dabino a yatsunsa.

"Wai da gaske ana ganin ƙasan ruwan?"

"Ana gani."

Shi ma cikin albasar ya ƙetare. Ina tunanin ko jirgin Yazid zai ɗauki mutum huɗu sai muka ji salati daga cikin gida.

An yi mata salla a Harami bayan la'asar, tare da wasu gawawwakin da ban san su ba. Aka ɗauke ta da saurin nan na Madina, kafaɗa tana karɓa daga kafaɗa, ina bin baya da ƙafar tsoho. Ta samu Baƙi'a. A can ba a rubuta suna. Dutse ne a kan tudun ƙasa, kusa da dutse, kusa da dutse. Na yi wa wurin alama da ido daga katanga, da na koma bayan kwanaki layukan sun ƙaru, ban gane ba.

Mutane suna riƙe hannuna suna cewa ta dace, Allah ya rufa asiri da abin bai faru a can ba. Suna dubana suna jiran in sunkuyar da kai. Ina taya ta murna da makwancinta, Allah ya sani. Amma kaina yana inda yake. In aka dawo mini da Asabar ɗin nan zan sake tashin Sundus da asuba, sai dai in karɓe wayarta.

Abu ɗaya ke cina. Tun Umluj take yi mini tambaya ɗaya da gira, ina ba ta amsa ɗaya da ka. Ranar da amsar ta sauya aka ce in jira a majalisa, na kuwa jira, ni da ban taɓa jin maganar kowa a gidan ba. Ƙofar ɗakinta ba nisa. Da turawa na yi na shiga, ko da tana barci, in sunkuya in ce mata: Tasallah, iska ta kwanta, gobe za mu na huɗun.